Waiwaye: Yadda Linux ta shekara talatin tana neman ƙunshi guda

A watan Agustan 2014 masu haɗa Debian suka yi taronsu na shekara-shekara a birnin Portland na Amurka, suka gayyaci Linus Torvalds, mutumin da ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya zo ya amsa tambayoyi. Baƙo ne, amma bai yi musu kara ba. Ya kawo zancen wata 'yar manhaja da ya rubuta saboda sha'awarsa ta nutso a teku, sunanta Subsurface, wadda ke ajiye bayanin kowace nutsewa, zurfinta da tsawon lokacinta da iskar da aka sha. Ya ce shi da abokan aikinsa suna fitar da ita a shirye don masu Windows, suna fitarwa don masu Mac, amma na masu Linux ya gagare su. Dalilinsa shi ne babu wani abu guda mai suna Linux da mutum zai shirya wa manhaja. Sai dai ya shirya wa Fedora ta bana, ya sake shirya wa ta bara, ya koma kan Debian, ya koma kan wata, kuma kafin ya gama zagayen an canza ta farkon. Mai ɗaki ne ya faɗi inda ke masa yoyo, a gaban magina kuwa.

Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta mai Linux ba zai iya mamakin wannan ƙorafi, don haka sai a ɗan koma baya. Abin da Torvalds ya rubuta zuciyar tsarin ce kawai, wato kanel. Ita ke magana da injin, ta raba wa manhajoji lokaci da ma'ajiya, ta san inda faifai yake da inda katin intanet yake. Ita kaɗai ba ta buɗe wa kowa wasiƙa ko shafi. Sai wasu sun tattaro ɗaruruwan manhajoji da mutane suka rubuta a ƙasashe daban-daban, sun tace su, sun daidaita su da juna, sun haɗa da kanel ɗin, sannan a sami abin ɗora wa kwamfuta. Masu wannan tattarawa su ne gidajen Linux: Debian, Red Hat, SUSE, Ubuntu, Arch da sauransu masu yawa. Kowane gida da rumbunsa, kuma kowace manhaja a rumbun a ƙunshe take zuwa: fayil guda mai ɗauke da kayanta, da bayanin sunanta da zubinta, da inda za a ajiye kowane yanki nata, da abin da take buƙata kafin ta tashi. Debian 12 da ta fito a 2023 ta zo da ƙunshi sama da 64,000.

Abin da manhaja take buƙata kafin ta tashi, a nan gizo ke saƙa. Idan za ta nuna hoto, ko ta matse fayil, ko ta ɓoye saƙo kada wani ya karanta a hanya, ba ta yin aikin da kanta, arowa take yi daga wani guntun shiri da aka riga aka rubuta don wannan aikin, wanda masu sana'ar ke kira laburare. A al'adar Linux kwafi ɗaya ake ajiyewa a kwamfuta, kowa ya ɗiba. Kamar gidan haya ne mai rijiya ɗaya a tsakar gida: ba wanda ke wahalar haƙa tasa, in wani abu ya faɗa ciki a yashe ta sau ɗaya kowa ya huta, amma ranar da mai gida ya canza bakin rijiyar duk wanda gugansa bai shiga ba da ƙishi zai kwana. Windows da Mac sun fi karkata ga kowa ya zo da jarkarsa.

A 1993 aka kafa gidaje biyu da ke raye har yau. Slackware ta Patrick Volkerding ta ɗauki hanya mafi sauƙi: ƙunshinta matsattsen fayil ne, a warware shi ya zube a wurarensa, lissafin me ke buƙatar me kuma ya rage naka. A watan Agustan shekarar ne Ian Murdock, ɗalibi a Jami'ar Purdue, ya sanar da Debian, wadda ta fito da dpkg da ƙunshin da sunansa ke ƙarewa da .deb. Kamfanin Red Hat ya fito da nasa a tsakiyar shekarun 1990, wato RPM, aikin Erik Troan da Marc Ewing, sai SUSE ta Jamus da Mandrake ta Faransa suka ɗauke shi. Ba wanda ya zauna ya ƙulla cewa a rabu. Matsala ɗaya ce ta taso wa mutane a wurare daban-daban kusan lokaci guda, kowa ya magance ta da abin da ke hannunsa, kafin su ɗago kai kowa ya tara dubban ƙunshi da dubban mabiya a kan nasa tsarin.

Waɗanda suka yi amfani da Linux a ƙarshen shekarun 1990 ba su manta yadda saka manhaja guda kan cinye yini ba. Ka sauko da ƙunshin RPM ta layin tarho mai tafiyar hawainiya, ka ba da umarni a saka shi, sai allon ya amsa maka da layi biyu: ba zai saku ba, yana neman laburare kaza zubi na biyu. Ka tafi farauta ka samo, shi kuma ya ce yana neman wasu uku. Ka samo ukun, sai ɗayansu ya ce ba zai zauna wuri ɗaya da tsohon zubin da ke kwamfutarka ba, tsohon nan kuwa manhajoji goma ne ke rataye da shi. A nan mai gajen haƙuri ke ba da umarni a saka da ƙarfin tsiya, washegari kwamfutar ta ƙi tashi. Debian ce ta fara fid da jaki daga duma da APT, wanda ya shiga fitowarta ta 1999. Sunan manhajar kawai za ka faɗa, shi zai leƙa rumbu, ya lissafa abin da take nema da abin da waɗancan ma ke nema, ya sauko da su bi da bi. Masu RPM suka bi sahu, kowa da nasa: urpmi a Mandrake, yum da Seth Vidal ya gina a Jami'ar Duke, zypper a SUSE, sannan dnf ya gaji yum a Fedora a 2015. Arch ta zo da pacman a 2002, Gentoo kuwa ta ce kowa ya harhaɗa manhajarsa daga asalin rubutunta a kan injinsa.

Sai dai maganin nan a cikin gida kawai yake ci. APT yana aiki lami lafiya ne domin duk abin da ke rumbun Debian tare aka gina shi, a kan laburare iri ɗaya, bisa kundin ƙa'idoji guda da kowane mai kula da ƙunshi ya wajaba ya bi. Wanda ke waje, kamfani ne ko ɗalibin da ya rubuta 'yar manhajarsa yana son ya raba wa jama'a, yana nan inda aka bar shi.

An daɗe ana zaton bambancin .deb da .rpm shi ne ciwon, har yau ma akwai masu wannan zaton. Ka buɗe .deb, abu uku za ka tarar: ɗan fayil mai ɗauke da lambar 2.0, da matsattsen fayil na bayanai da umarnin sakawa, da wani na kayan manhajar kansu. RPM ma kusan haka yake, bayanai da sa hannun mai shi a gaba, kaya a baya. Akwai ma 'yar manhaja mai suna alien da ke juya wannan ya koma wancan cikin daƙiƙoƙi. Juyawar dai ba ta sa ya yi aiki. Ɗauki Apache, manhajar da ta daɗe tana riƙe da shafukan intanet masu ɗimbin yawa. A Debian sunanta apache2, saitinta yana /etc/apache2, tana aiki da sunan www-data. A Red Hat sunanta httpd, saitinta yana /etc/httpd, tana aiki da sunan apache. Fayilolin da masu rubuta manhaja ke buƙata, Debian tana liƙa wa sunansu -dev, Red Hat yana liƙa -devel. Laburaren injin zamani Red Hat yana ajiye su a /usr/lib64, Debian kuma a wata aljihun daban. Ga kuma bambancin taki: Fedora tana fitowa duk wata shida, Debian kusan duk shekara biyu, Red Hat na kamfanoni yana riƙe zubi guda shekara goma. Shi ya sa sau da yawa RPM ɗin SUSE ba ya sakuwa a Fedora, alhali kwalinsu ɗaya.

Tsoron da ya sa aka tashi neman daidaitawa yana da tushe. Manyan harkar sun ga abin da ya sami Unix, kakar Linux, lokacin da kowane kamfani ya ja nasa zubin gefe. A 1988 suka kasu sansani biyu, AT&T da Sun a ɗaya, IBM da DEC da HP a ɗaya, suna ta kai ruwa rana har Microsoft ya shigo da Windows NT a 1993 ya kwashi rabonsa na kasuwa. Ba a so Linux ta maimaita. Don haka a 2001 aka fitar da Linux Standard Base, LSB a taƙaice. Yarjejeniyar ita ce duk gidan da ya shiga zai tanadi laburare kaza da kaza, zubi kaza, a wuri kaza, shi kuma mai manhaja ya shirya wa wannan ma'auni sau ɗaya, ta yi aiki ko'ina. Hukumar ISO ta wallafa shi a 2006, ta ba shi lamba 23360. Da aka zo kan ƙunshi sai aka zaɓi RPM, aka bar Debian da 'ya'yanta su riƙa juyawa da alien, abin da bai taɓa kwanta musu a rai ba.

A tsakanin nan an gwada wata hanyar ta kasuwanci. A 2002 kamfanoni huɗu, SuSE na Jamus, Conectiva na Birazil, Turbolinux na Japan da Caldera na Amurka, suka haɗa kai a kan gindi guda mai suna United Linux don su kara da Red Hat. Caldera ya canza suna ya koma SCO, a watan Maris na 2003 ya maka IBM a kotu yana iƙirarin an saci kayansa an zuba a Linux, zama ya gagara, a farkon 2004 aka watse.

LSB ya fi daɗewa, amma mutuwar tsaye ya yi. Kwamiti a hankali yake tafiya, kafin a gama muhawara a kan laburare guda masu rubuta shi sun fitar da sabo sun wuce. Manyan masu sayar da manhaja irin su Oracle da SAP kuwa ba su taɓa damuwa da shi sosai ba. Su abin da suke yi shi ne su gwada kayansu a kan Red Hat da SUSE na kamfanoni su ce nan muka lamunta, domin ranar da injin banki ya tsaya da tsakar dare ba takardar ISO ake nema ba, lambar wayar wanda zai ɗauki alhaki ake nema. Su ma gidajen, in za a faɗi gaskiya, wanda ke cin abinci da wannan lamuni ba shi da dalilin zage damtse don ya zama daidai da kowa. Zubi na ƙarshe, 5.0, ya fito a watan Yunin 2015. A shekarar Debian ta sauke nauyinsa, ta ce aikin ya yi yawa kuma masu amfana ba su taka kara sun karya ba, Ubuntu ta bi bayanta. Sai da Ubuntu 16.04 ta fito aka gane su wa suka dogara da shi, da wasu firintocin Epson suka daina bugawa, Google Earth ma ta ƙi sakuwa. Abin da ya saura na LSB a kwamfutoci da yawa yau ɗan umarni ne guda, lsb_release, aikinsa kuwa ya gaya maka a wane gida kake.

A wannan watan na Yunin 2015, a ƙarƙashin inuwar gidauniyar Linux, aka kafa wata yarjejeniyar da ta yi abin da LSB ya kasa. Asalinta Docker ne, wanda Solomon Hykes ya nuna wa duniya a 2013. Shi bai roƙi gidaje su daidaita ba. Cewa ya yi a ɗauki manhajar da duk laburarenta da ma tsarin aljihunan gidan da aka gina ta a ciki, a zuba a kwantena guda, a ɗora a kan kowace kwamfuta mai kanel ɗin Linux. Abin ya yiwu ne saboda doka guda da Torvalds ya kafe a kai shekara da shekaru, yana zagin duk wanda ya taka ta: kada sabuwar kanel ta karya manhajar da jiya take aiki. Albarkacin wannan doka kwantenar Debian ke tafiya a kan injin Red Hat ba gardama. Da kamfanin CoreOS ya fito da tasa kwantenar a ƙarshen 2014, aka hango wata sabuwar rabuwa, sai manyan kamfanoni suka zauna, Docker ya miƙa fasalinsa da injin da ke tayar da kwantena, aka kafa Open Container Initiative. Bambancinta da LSB a fili yake. An rubuta LSB ne ana fatan mutane su zo su bi. Ita kuwa wannan, abin da dubban mutane suka riga suke yi kullum aka zauna aka rubuta.

Wannan ya warware wa manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet matsalarsu. A kan kwamfutar tebur da ta cinya kuwa, dabarar ɗaya ce amma masu ita uku. AppImage ta samo asali daga klik da Simon Peter ya fara a 2004: fayil guda, ka sauke, ka ba shi izinin tashi, ka danna. Snap na kamfanin Canonical ne, na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, mai Ubuntu. Flatpak aikin Alexander Larsson ne na Red Hat. A watan Yunin 2016, kwanaki kaɗan tsakani, Snap da Flatpak kowanne ya fito ya ce shi ne ƙunshin kowa da kowa.

Rigimar da ta biyo baya ba ta fasaha ba ce sosai. Snap kantinsa ɗaya ne, a hannun Canonical yake, kuma manhajar da ke tafiyar da kantin a rufe take. A 2019 Ubuntu ta mayar da ƙunshin .deb na Chromium, manhajar buɗe shafukan intanet, fanko, in ka saka shi sai ya jawo maka Snap ta bayan gida. Canonical yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce: Chromium yana fitowa a kai a kai, gina shi don kowane zubin Ubuntu da ake tallafa wa yana cin lokacin ma'aikata, Snap kuwa sau ɗaya ake gina shi. Amma Linux Mint, wadda a kan Ubuntu aka gina ta, ta ga an shigar da masu amfani da ita kantin wani ba da saninsu ba, sai ta toshe Snap a fitowarta ta 2020. A 2023 Canonical ya sa rassan Ubuntu na hukuma su daina zuwa da Flatpak a cikinsu. Flatpak ya fi samun karɓuwa a sauran gidaje domin kowa na iya buɗe rumbunsa, ko da yake a aikace kusan kowa rumbun Flathub yake zuwa. AppImage mai alfaharin ba ta buƙatar komai, ita ma ta sha kunya a 2022, da Ubuntu 22.04 ta daina zuwa da wani tsohon laburare mai suna libfuse2, fayilolinta da yawa suka ƙi buɗuwa.

Akwai kuma kuɗin da ba a cika lissafawa ba a inda ake tsara waɗannan abubuwa. Karon farko da ka saka 'yar ƙaramar manhaja ta Flatpak, sai ta jawo gindin da za ta zauna a kai, ɗaruruwan megabait. Wanda ke Turai da intanet ɗin gida ba zai ko lura ba. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi mai sayen data da 'yan canjinsa zai lura. Shi wannan ɗalibin kuma ya san wata Linux ɗin da ba ta da wannan rigima ko kaɗan, domin wayar Android da ke aljihunsa kanel ɗin Linux ce a cikinta, ƙunshinta ɗaya ne, APK, wanda ake tura wa juna ta Xender a rumfunan masu waya na Farm Centre a Kano ba tare da an tambayi wane gida ba. An samu haka ne saboda kamfani ɗaya, Google, shi ke yanke hukunci. Masu kukan rarrabuwar Linux ba kasafai suke faɗin wannan rabin zancen ba.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce wa zai tsaya tsakanin wanda ya rubuta manhaja da wanda zai yi amfani da ita. A tsohon tsari mai kula da ƙunshi ne, mutumin gida, sau da yawa ɗan sa-kai, wanda ke karɓar manhaja ya duba ta, ya gyara ta ta dace da gidansa, ya sa hannu. Marubuta da yawa ba sa ƙaunarsa. Jamie Zawinski, mai manhajar XScreenSaver, ya gaji da karɓar ƙorafi a kan kurakuran da ya gyara tun shekarun baya, waɗanda ke zuwa daga masu riƙe da tsohon zubin da Debian ke rabawa, sai ya dasa saƙo a cikin manhajar da ke fitowa ya ce wannan zubin ya tsufa. Da saƙon ya fara bayyana wa mutanen Debian a 2016, ya ce ko su sabunta ko su cire manhajarsa daga rumbunsu. Debian ta cire saƙon ta bar manhajar, lasisin ya ba ta dama. Wani lokacin kuma ɓarnar mai kula ta fi haka nesa ba kusa ba. A 2006 aka cire wasu layuka daga OpenSSL na Debian, laburaren ɓoye saƙo, don a kashe wani gargaɗi da na'urar bincike ke yi, ashe layukan su ne ke zuba bazuwar da ke sa mabuɗan sirri su gagari mai hasashe. Kusan shekara biyu duk mabuɗin da aka ƙera a Debian da Ubuntu yana fitowa ne daga cikin zaɓi da bai wuce 32,768 ba ga kowane nau'i, har sai da Luciano Bello ɗan Ajantina ya gano a 2008.

Duk da haka ni ina ganin wanda ya ce a kori mai kula gaba ɗaya bai yi lissafi ba. Da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a OpenSSL a watan Afrilun 2014, mai kwamfutar Debian ko Red Hat ƙunshi ɗaya ya sabunta, ya sake tayar da manhajojinsa, duk waɗanda ke ɗiba daga wannan laburare suka tsira tare. Da irin wannan ta bayyana a libwebp a watan Satumban 2023, laburaren da ke buɗe wani nau'in hoto, sai aka tarar Chrome na da kwafinsa, Firefox na da nasa, Signal na da nasa, haka tarin manhajojin da aka gina a kan wani gindi mai suna Electron. Kowanne sai mai shi ya farka ya gyara, wanda mai shi ya yi watsi da shi kuma yana nan da ɓarakarsa.

Labarin xz ya fi kowanne nuna fuska biyun. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taya Lasse Collin kula da wannan ƙaramar manhaja ta matse fayil, har ya samu amana, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, ya tona asiri, bayan ya lura shiga wata kwamfutarsa ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Tarkon yana dubawa ne ko ana gina ƙunshin .deb ko .rpm kafin ya ɗana kansa, wato mai shi ya san ƙofofi biyu ne ke kai wa ga yawancin injinan duniya. Hanyar da ya bi ta ratsa ta wani gyara da waɗannan gidaje suka yi wa OpenSSH, shirin da ke tafiyar da ssh ɗin, don ya yi magana da systemd, tsarin da kusan duk manyan gidaje suka haɗu a kansa. Arch ta raba gurɓataccen zubin, amma da yake ba ta yi wannan gyaran ba tarkon bai kama a can ba. Jinkirin nan kuma da ake zagin Debian da Red Hat a kansa shi ya sa gubar ta tsaya a rumbunan gwaji, ba ta kai ga injinan bankuna da asibitoci ba. Inda aka zama ɗaya nan aka nufa, inda aka bambanta da inda aka yi nawa nan aka tsira.

In aka jera abubuwan da gidajen Linux suka yarda da su suka zauna daram, za a ga kamarsu ɗaya. Dokar kanel, tsarin aljihunan fayil da aka fara rubutawa a 1994, ƙa'idojin freedesktop da suka sa alamar manhaja ke fitowa a teburan GNOME da KDE duka, fasalin kwantena, har da dabarar mutanen Python ta 2016 ta gina ƙunshinsu a kan tsohuwar CentOS 5 don ya yi aiki a kan duk abin da ya biyo bayanta. Kowannensu mahaɗa ce, wurin da kayan wani ke taɓa na wani, kuma ba wanda aka ce ya miƙa makullin rumbunsa. Waɗanda suka faɗi, LSB da United Linux da yunƙurin mai da Snap na kowa, duk sun nemi wani gida ya sa hannu a kan abin da ba shi ya gina ba, ko ya tura mutanensa kantin da ba shi da iko da shi. Mutumin da ke aikin sa-kai da daddare bayan ya taso daga aikinsa na albashi ba ya karɓar wannan, kuma ba wanda ke da sandar tilasta masa.

Inda aka ƙi kula da mahaɗar kuma, wani ne daga waje ke cike gurbin. A 2022 glibc, laburaren da kusan kowace manhajar Linux ke tsaye a kansa, ya fito da zubi na 2.36 da wani ɗan canji da ya hana wasannin da ke amfani da manhajar hana maguɗi ta Easy Anti-Cheat tashi. Kamfanin Valve ya riga ya sha irin wannan, shi ya sa yake rarraba nasa tarin laburare tare da kantin wasanninsa Steam, kuma tun 2018 ya fito da Proton, wanda ke tafiyar da wasannin Windows a kan Linux. Na'urarsa ta Steam Deck da ta fito a 2022 a kan Arch aka gina ta, sauran manhajoji ta Flatpak suke shiga, amma yawancin wasannin da ke cikinta don Windows aka rubuta su. Masu yin wasanni sun gano hanya mafi tabbas ta isa ga mai Linux ita ce su shirya wa Windows.

Mozilla ma, bayan Ubuntu ta mayar da Firefox Snap, ta buɗe nata rumbun .deb a farkon 2024, tana rabawa da hannunta. A watan Fabrairun 2025 kuma aka yi wadda ta fi kowacce ban mamaki. OBS Studio, manhajar da masu yaɗa shiri kai-tsaye a YouTube da Facebook ke amfani da ita, tana da Flatpak nata na hukuma a Flathub. Fedora ma ta gina nata Flatpak ɗin na OBS, ta sa shi a gaba a kantinta. Mutane suka riƙa saka na Fedora suna zaton na asali ne, wasu abubuwa suka ƙi aiki, ƙorafi ya riƙa sauka a kan masu OBS, har suka ba Fedora wa'adi ta cire sunansu da tambarinsu ko a haɗu a kotu. Mutanen Fedora suka nuna cewa shi ma na hukumar yana zaune a kan gindin da aka daina yi wa gyaran tsaro, masu OBS suka ce sun tsaya a kansa ne saboda sabon yana karya musu abubuwa. Dukansu biyun Flatpak ne, fasali ɗaya, umarnin sakawa ɗaya. Sai da shugaban aikin Fedora na lokacin, Matthew Miller, da masu kula da Flatpak ɗinsu suka zauna da mutanen OBS, aka lissafa gyare-gyaren da Fedora za ta yi, sannan OBS ta janye buƙatarta.